Yadda Na Ƙara wa Kwamfutar Baba Gudu Ranar Suna

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar sunan 'yar Yaya Sani, kuma ko na yi niyyar mantawa 'yan gidanmu ba za su bari ba. A unguwar Treichville ta Abijan aka yi abin, a tsakar gidanmu, wajen tsakiyar shekarun dubu biyu, lokacin ina makarantar koyon kwamfuta ina jin duk faɗin Abijan babu wanda ya kamo ƙafata. (Ko shekarar farko ban gama ba fa. Amma na riga na sayi jakar ratayawa da ɗan sukudireba, kuma in ana hira sai in riƙa jefa manyan kalmomin Faransanci don a san da ni a wurin.)

Baba mutumin Ɗambatta ne, kasuwanci ya kawo shi Abijan tun yana saurayi, mu duk a nan aka haife mu. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna, tana can gida, ta tsufa ƙwarai, gwiwoyi sun ƙi. Tun da ƙasa ta rikice hanya ta lalace Baba bai samu zuwa ba, sai dai waya. Da matar Yaya Sani ta haifi mace, ba a yi wata shawara mai tsawo ba, kowa ya san sunan Inna za a sa. Aka gaya mata a waya, ta yi ta sa albarka, can sai ta ce, “Ni dai da Allah zai nuna min takwarata da idona kafin in tafi, da na gode.”

Baba ya ajiye wayar. Ni kuwa na miƙe tsaye kamar an kira sunana a rediyo, na ce, “Baba, ai wannan ƙaramin abu ne. Za ta gan ta. Ku bar min komai.”

Kuma wallahi shirin ya yi kyau, a nan kam sai a yaba min. Baffa Idi, ƙanen Baba da ke Kano, zai ɗauko Inna a mota daga Ɗambatta ranar sunan, ya kai ta wani shagon intanet mai kamara. Mu kuma za mu jawo waya ta kan katanga daga shagon intanet ɗin maƙwabcinmu, wanda a nan muke kira siba, mu haɗa da kwamfutar da Baba ke lissafin kayansa da ita, mu ɗora mata 'yar kamara. Ana gobe suna muka gwada da Baffa. Sai ga shi a kan gilashi, da hularsa da gemunsa! Baba ya yi kabbara, Mama ta rangaɗa guɗa, gidan ya ruɗe. Ni kaɗai ne ban yi murna ba. Hoton yana tsayawa. Baffa zai buɗe baki, bakin ya tsaya a buɗe, muryar ta iso daga baya, sannan kan nasa ya yi tsalle ya koma wani gefe. Ba wanda ya damu da wannan, amma ni na ji kamar ni ake zagi.

Da la'asar na hau bas sai Adjamé. A kasuwar can da ake kira Black Market ina da aboki, Lawali, Bahaushe haifaffen unguwar, yana sayar da tsofaffin kwamfutoci na gwanjo a wani lungu da in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya karkace. Na kwashe komai na gaya masa. Ya kaɗa kai irin na likitan da ya riga ya san cutar.

“Mon frère, processeur ɗinka ne malalaci. Masu ƙera shi sun ɗaure masa ƙafa don kada ya yi zafi. Faut booster! Sai an ƙara masa gudu!”

Processeur shi ne ɗan abin nan mai kusurwa huɗu da ke cikin kwamfuta, wanda ke yin duk tunanin. Lawali ya kunna wata tsohuwa a gabana, ya danna wani maɓalli tun kafin ta gama tashi, sai ga wani shuɗin shafi cike da lambobi. Ya nuna min lambar da ke faɗin saurin abin, ya ce in an ɗaga ta injin zai yi gudun da ya fi wanda aka yi shi dominsa.

“Amma kaɗan fa. Doucement. In ka zarce zai ƙi tashi. In ya ƙi, ka zare wuta, ka cire ɗan pil ɗin da ke ciki, ka bar shi ya huta har ya manta abin da ka gaya masa, sannan ka mayar.”

Ya nuna min pil ɗin, wato wani ɗan batir zagayayye, fari fat, mai sheƙi. Na ce na gane. Gaskiya “booster” kawai na ji, shi na riƙa maimaitawa a bas har muka haye gada. Da na isa gida Baba ya riga ya kulle kwamfutar a ɗakinsa saboda gidan ya cika da mata masu aikin abinci, don haka ban samu gwadawa ba. Na ce ba komai, gobe ma rana ce, kuma gara a yi a gaban mutane su gani. (Ka ji fa. A gaban mutane.)

Da safe aka raɗa suna, aka yi addu'a, aka shafa. Tsakar gida ta cika maƙil: abokan kasuwancin Baba cikin manyan riguna, limamin unguwa, maƙwabtanmu Julawa, har da mai siba ya leƙo ta kan katanga. An shimfiɗa tabarmi, ga babban faranti a tsakiya cike da goro da dabino da alawa, a gefensa an zuba sulalla na sallamar maroƙa, yawanci 'yan faran hamsin ɗin nan farare da muke kira dala goma. Na fito da kwamfutar na ɗora a tebur ƙarƙashin rumfa, ina sanye da sabuwar shadda mai ruwan sararin sama wadda sitacinta ke ƙara in na motsa.

A cikin taron akwai Tanko maroƙi. Duk wanda ya zauna Treichville cikin Hausawa a lokacin ya san irinsa: dogo, siriri, muryarsa ba ta bukatar lasifika. Babu suna ko ɗaurin auren da ake yi bai je ba, kuma kowa na tsoron bakinsa fiye da yadda ake son yabonsa. Yana ganin na zauna gaban injin ya ɗaga hannu sama.

“Injiniya ɗan Alhaji! Mai magana da ƙarfe, ƙarfe ya amsa! Yaron da Turawa ke yi wa ina kwana!”

Jama'a, ban san ko an taɓa yi muku kirari ba. Abin yana shiga ta kunne ya wuce kai tsaye cikin yatsu. Na buɗe shuɗin shafin nan, na sami lambar, na ɗaga ta kaɗan, daidai yadda Lawali ya ce. Baba ya matso ya ce a hankali, “Ba jiya ya yi aiki lafiya ba?”

“Baba, jiya tafiya yake yi. Yau gudu zai yi.”

Tanko ya cafe. “Kun ji! Jiya tafiya, yau gudu! Gobe sai tashi sama!”

Aka fashe da dariya, ni kuma na ƙara danna maɓallin. Ya ce, “Na gaban 'yan boko!” na ƙara. Ya ce, “Shi ya haɗa Kano da Abijan ba mota ba jirgi!” na ƙara har sau biyu. Akwai wata lamba a ƙasa ta ƙarfin wutar da ke shiga injin, wadda Lawali bai ma ambata ba, ita ma na ce bari in taɓa ta don kada ta ji an ware ta. Na adana, na jingina da kujera, na naɗe hannun riga, na ce, “To, ku kalla.”

Fankar ciki ta ɗauki kuka, fuuu, kamar za ta ɗaga teburin. Kowa ya miƙa wuya. Gilashi baƙi ƙirin. Na jira ɗan ƙaran nan “ɗit” da take yi kullum in za ta tashi, shiru. Na yi murmushi na ce tana shiri ne. Na kashe na kunna. Fanka fuuu, gilashi baƙi. Na sake. Haka dai.

A nan gumi ya fara karyo min. Na zare wayar gilashin na hura mata iska na mayar. Na kwance murfin akwatin da ɗan sukudirebana, na zaro 'yan siraran allunan ciki na goge su da bakin sabuwar shaddata na mayar. Na girgiza kowace waya da hannuna ya kai gare ta. Shawara kuwa ta fara zuba daga ko'ina. Wani Alhaji ya ce zafi ne, a kawo mafici, kuma aka kawo, ya zauna yana yi wa kwamfuta fifita da gaske. Wata gwaggo daga ƙofar kicin ta ce, “Kuran ne, ƙarfin lantarkin ya ragu, a kashe firiji!” aka kashe firiji. Liman ya ce ko a tofa mata. Wani ya ce a aro ta siba, mai siba ya ce nasa duk a ɗaure suke da sarƙa a jikin tebur saboda ɓarayi, kuma ba wanda zai fita da jaririyar kwana bakwai zuwa shago.

Sai wayar Baba ta yi ƙara. Baffa ne. Tsakar gidan ta yi tsit har muna jin muryarsa: sun iso tun ɗazu, an zaunar da Inna a kujerar roba, ƙafafunta sun kumbura saboda zaman mota, tana ta tambaya ko wannan baƙin gilashin ne za a nuna mata yarinyar a ciki. Kuma babu wuta a can, janareta ne, mai shagon ya ce man da ya rage ba shi da yawa.

Baba ya ce, “To, ga mu nan.” Ya kashe wayar. Bai yi min faɗa ba, kallona kawai ya yi, kuma da ya zage ni da ya fi min sauƙi. An ɗauko tsohuwa daga Ɗambatta a kan maganata, kuma kowa ya san ba za a sake ɗauko ta ba.

Can Allah ya tuna min da pil. Na yi tsalle na ce, “Na gano! Na gano!” Na zare wayar wuta daga bango, na sa farce na ɓanɓaro ɗan batirin. Na ji tsoron kada ya faɗi ya gangara cikin magudanar ruwa, sai na nemi wuri mai kyau na ajiye shi. Wuri mafi kusa shi ne farantin goro. Na sa shi a gefe, na koma na tura kaina cikin akwatin ina sake duba wayoyi, ina jira injin ya manta da haukar da na koya masa.

Shi kuwa Tanko ya ga wasa ya yi sanyi, ga shi yana da wani sunan a wata unguwa. Ya yi wa mai jego addu'a, ya yi wa angon ƙarni kirari, Yaya Sani ya sa hannu a faranti ya damƙo sulalla ya zuba masa, ya yi godiya ya fice. Duk wannan a bayana aka yi.

Na juyo na miƙa hannu. Goro, dabino, alawa. Na birkita farantin. Na ɗaga tabarma. Na ce, “Yaya, wani ɗan farin abu da na ajiye a nan?”

“Mai kama da dala goma?”

“Shi!”

Yaya Sani ya dubi hannunsa, ya dubi ƙofa.

Da ina da hankali, da na tuna masu gyaran agogo a kasuwar Treichville suna sayar da irin batirin nan, kuma kasuwar ba nisa. Amma hankali ya riga ya bar ni tun wajen kirari. Na tattare babbar riga na zura da gudu, takalmi ɗaya ya tsinke a bakin ƙofa na bar shi a nan. Na bi layi ina ihu, “Malam Tanko! Malam Tanko!” Sai dab da kasuwa na cim masa, gaban wata mai suyar ayaba, inda mutane suka fi yawa.

To a nan sai na yi wa wanda bai sani ba bayani. Abin da ya shiga aljihun maroƙi ya shiga ke nan. Ba a tambayarsa, ba a cewa an yi kuskure, ko zobenka na zinariya ne ya bi kuɗin sai dai ka aika babba a asirce a fanso shi. Ni na san wannan sarai. Amma ina haki, Hausar ta cakuɗe min da Faransanci, abin da ya fito daga bakina shi ne:

“Pardon, Malam Tanko, kuɗin nan da aka ba ka, akwai ɗaya da ba naka ba ne. Ka ba ni.”

Ya tsaya. Ya juyo a hankali. Ya dube ni daga hula har ƙafar da ba takalmi. Sannan ya ja numfashi, ni kuma na san na mutu.

“Jama'a ku taru! Ku zo ku ga abin da ban taɓa gani ba tun da na fara roƙo! Ɗan Alhaji ya biyo sadaka! An ba ni da dama, an aiko a karɓe da hagu!”

Kafin ka ce me, an kewaye mu. Matan kasuwa na tambayar me ya faru, “Y a quoi? Y a quoi?” wani ɗan Hausa mai sayar da agogo (ka ji, agogo!) ya ɗauki aikin tafinta kyauta, yana juya maganar zuwa Faransanci, wata kuma na juyawa zuwa Julanci, kowane juyi da sabuwar dariya. Tanko ya cire hularsa ya juye aljihunsa a ciki ya ajiye a ƙasa. “Zaɓi naka, Injiniya.” Haka na tsuguna a tsakiyar titi cikin shadda, ina tona sulallan maroƙi ɗaya bayan ɗaya. Da na gan shi na ɗago shi sama da murna kamar wanda ya ci gasa, sai Tanko ya fizge, ya juya shi, ya sa a haƙori ya gatsa.

“La'ilaha illallahu! Kuɗin ma na jabu ne! Ba hoto ba lamba! Sun ba ni jabu, kuma jabun ma sun biyo abinsu!”

Na ce batir ne, na rantse batir ne. Wa zai ji? Ya miƙo min ya ce ba zai rabu da ni ba sai a gaban ubana. Na kamo hanyar gida ina ɗingishi, yana biye da ni yana rera sabuwar waƙar da ya ƙaga nan take, mai amshi “ɗan Alhaji mai dala goma”, 'yan kallo na tafa masa.

Na faɗa tsakar gida batir a sama ina cewa, “Na samo! Na sa...” Ba wanda ya waiwayo. Duk an yi cincirindo a gaban tebur. Na kutsa. Kwamfutar a kunne take, cikinta a buɗe, ramin batirin fayau. A kan gilashi ga wata 'yar tsohuwa cikin farin mayafi ta matso da fuskarta har hancinta ya cika rabin hoton. Mama na riƙe da jaririya a gaban kamara. Baba na durƙushe a ƙasa, hularsa a hannu, hawaye na bin gemunsa, yana cewa, “Inna, ga ta nan. Inna, kin gan ta?”

Ashe bayan fitata Baba ya gaji da jira, ya ce a mayar da waya a bango, ya danna maɓallin da yake ganin ina dannawa. Sai ta yi “ɗit”. Wani rubutu ya fito yana cewa a danna F1, Yaya Sani ya nemo shi ya danna, shi ke nan. Injin ya riga ya manta da lambobina tun da na cire batirin, kuma ba ya bukatarsa kafin ya tashi, aikinsa kawai riƙe agogo da abin da aka saita. Hoton yana tsayawa yana tsalle daidai irin na jiya. (Daga baya na gane laifin layin intanet ne, babu ruwan processeur, bawan Allah.)

Inna na cewa, “Na gan ta. Kai, hancin gidanmu ne. Allah ya raya min ke, takwara,” sai muryar Tanko ta fasa ƙofa: “Ɗan Alhaji mai dala goma!”

Inna ta karkata kunne. “Wa ake yi wa zambo a gidan suna?”

Baba ya share ido, ya dube ni, na ga gefen bakinsa na motsi. “Mijinki ne, Inna.”

Aka tura ni gaban kamara, hula a karkace, gumi ya jiƙa shadda, ƙafa ɗaya duk ƙura. Rabon da ta gan ni tun ina goye. Yaya Sani ya taƙaita mata labarin cikin jimla biyu marasa tausayi. Hoton ya tsaya tana rufe da baki da mayafi, sannan dariyarta ta iso, wata 'yar siririyar dariya har da tari.

“Wannan ne maigidan nawa? Mai bin maroƙi ya karɓe sadaka? To ni da me za ka ciyar da ni? Na fasa auren!” Tsakar gida ta kece, har Tanko. Sai ta sassauta murya ta ce, “Matso in gan ka sosai. An ce kai ka haɗa wannan abin. Allah ya yi maka...”

Gilashi ya ɗauke. Man janareta ya ƙare a Kano.

Sai da Baba ya ba Tanko riga sukutum kafin ya yarda ya bar waƙar, kuma bai bar ta duka ba, ya dai rage mata ƙarfi. Ni kuwa na yi mako ina zagaye kasuwa ta bayan layi.

Inna ta rasu da damina ta zagayo, ba mu sake ganinta ba. Na sha yin lissafin irin hirar da Baba zai yi da mahaifiyarsa da ban cinye musu lokacin da lambobina ba, kuma har yau abin na ci min rai. Shi bai taɓa tayar min da maganar ba. Da hanya ta buɗe muka je Ɗambatta, muna shiga gidan wata tsohuwa ta riƙe hannuna ta ce, “Kai ne na Abijan ɗin? Ai har ta kwanta ciwo labarinka take bayarwa. In ta faɗi na yarinyar ta yi kuka, sai ta faɗi naka ta yi dariya.”

Yanzu gyaran kwamfuta ne sana'ata, kuma na iya, ba yabon kai ba. Amma na koyi abu ɗaya da ba a koyar da shi a makaranta: in abu yana aiki ranar taro, ko da rarrafe yake yi, in sa hannuwana a aljihu in nemi wuri in zauna. In kuma na ji wani ya fara yi min kirari ina gaban inji, sai in tashi in ba shi nasa tun da wuri, bayan na duba abin da ke tafin hannuna.